Martani Kan Sayen Jirgin Jet Na Hannu: Littafin Farashi Ba Ya Shiga Ruwa

Jirgin ruwa na jet ƙaramin jirgi ne da ba shi da farfela a waje. Injinsa yana juya wani famfo da ke cikin gangar jikinsa. Famfon yana zuƙo ruwa ta wata ƙofa mai ragar ƙarfe da ke ƙarƙashin jirgin, ya matse shi, sannan ya feso shi da ƙarfi ta wani bututu a baya. Ƙarfin feshin ne ke tura jirgin gaba, kuma karkata bututun dama ko hagu shi ne sitiyarinsa. Wanda ya gyara wannan fasaha har ta shiga kasuwa shi ne William Hamilton, mai kiwon tumaki a ƙasar Nuzilan da ya koya wa kansa aikin injiniya. A shekarar 1954, a gonarsa ta Irishman Creek, ya ƙera jirgin da ke iya haura kogunan yankin, waɗanda ba su da zurfi kuma suna cike da tsakuwa mai karya farfela. A 1960 jirage irin nasa suka haura kogin Colorado ta cikin kwazazzabon Grand Canyon a Amurka, a 1977 kuma Edmund Hillary ya yi amfani da su wajen haura kogin Ganges a Indiya. A yau ana sayar da su, sababbi da na hannu, musamman a Amurka da Kanada da Nuzilan.

Wani marubuci ya ba masu neman jirginsu na farko shawara a kan sayen na hannu, kuma shawarar tasa ta tsaya a kan ƙafa huɗu. Ta farko, farashin adalci shi ne wanda littafin farashi ya rubuta wa jirgin bisa kamfaninsa da shekararsa. Ta biyu, in an samu jirage biyu masu kama da juna, a ɗauki wanda injinsa bai yi awoyi da yawa yana aiki ba. Ta uku, tun da jirgin jet ba shi da akwatin giya ko farfelar waje, abin lalacewa a jikinsa kaɗan ne, don haka biyan ƙwararre ya duba shi da fita gwaji a ruwa ɓarnar kuɗi ce. Ta huɗu, sabon shiga ya nemi mafi arahar tsohon jirgi ya koyi tuƙi a kansa.

Akwai gaskiya a cikin maganar, kuma ba za a danne ta ba. Jirgin jet ya fi jirgi mai farfelar waje ƙarancin sassa masu juyawa, yana wucewa a ruwa marar zurfi, kuma ba shi da wuƙar farfela a fili da za ta yanki mai iyo. Littafin farashi ma ba aikin banza ba ne, domin bankuna da kamfanonin inshora suna duba shi kafin su ba da rance ko su ƙiyasta diyya. Inda marubucin ya kauce shi ne ɗaukar kuɗin da aka yanka wa nau'in jirgi a matsayin kuɗin jirgin da ke gaban mai saye. Littafi yana kimanta nau'i. Mai saye kuwa jirgi guda ɗaya tak zai biya wa kuɗi, da duk abin da shekaru da ruwa da mai shi na baya suka yi masa.

Jirage uku, suna ɗaya

Abin da ake kira jirgin jet a kasuwar na hannu ya kasu aƙalla gida uku, kuma kowane gida da irin ma'auninsa. Na farko su ne jiragen shaƙatawa na faiba da manyan kamfanoni ke ƙerawa da yawa, irin na Yamaha da ake haɗawa a Vonore ta jihar Tennessee, da na Sea-Doo masu injin Rotax na ƙasar Ostiriya. Waɗannan su ne littafi ya fi sani, don ana sayar da su da yawa kuma iri ɗaya suke fitowa. Duk da haka kamfanin BRP ya daina ƙera jiragen Sea-Doo na wannan aji a 2012, abin da ke nufin wasu kayan jiki, kamar kujeru da murafe da gilashi, sai an nema a wurin masu kayan kwance.

Gida na biyu shi ne jiragen kogi na alminiyon da aka haɗa da walda, waɗanda ake ƙerawa a wurare irin Lewiston ta jihar Idaho da Clarkston ta jihar Washington, bakin kogin Snake, da kuma jihar Oregon. Yawancinsu ƙananan masana'antu ne ke yin su bisa oda, kowane da kaurin ƙasansa da injinsa da famfonsa. Jirage biyu masu suna ɗaya da shekara ɗaya suna iya bambanta ƙwarai a kuɗi, kuma layi ɗaya a littafi ba zai iya ɗauke su ba. A wannan gida ne kuma ake samun injin ratayawa da aka cire wa farfela aka sa masa famfo. Irin wannan inji yana asarar kusan kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa a famfon: mai ƙarfin doki 90 yana fitar da kimanin 65, mai 115 yana fitar da kimanin 80. Mai saye da bai san haka ba zai biya kuɗin lambar da aka faɗa masa, ya tafi da ƙarfin da bai kai ta ba.

Gida na uku shi ne tsofaffin jiragen gudu na Kalifoniya na shekarun 1970, masu manyan injinan mota irin Oldsmobile 455 da Ford 460 da Chevrolet 454, haɗe da famfon Berkeley ko Jacuzzi. Waɗannan sun haura shekara arba'in, kusan duk an taɓa sauke injinsu ko an sauya shi, kuma darajarsu tana rataye ne a kan ingancin gyaran da aka yi musu, abin da babu littafin da ya gani.

Abin da littafi ke aunawa

Sanannen littafin farashi a Amurka shi ne wanda aka daɗe ana kira NADA, wanda yanzu yake fita da sunan J.D. Power, akwai kuma na BUC. Alƙalumansu tsaka-tsaki ne da aka tattaro daga yankuna masu faɗi, kuma suna bin kasuwa ne a baya. A 2020 da 2021, lokacin annobar korona, mutane sun yi ruguguwar sayen jiragen ruwa, sababbi suka yi ƙaranci, na hannu suka yi tsada fiye da abin da aka rubuta. Da ƙura ta lafa, kasuwa ta sassauta, amma masu sayarwa da yawa suka ci gaba da riƙe farashin lokacin tsada. Wanda ya dogara da littafi kaɗai ya sha wahala a duk lokutan biyu: da farko bai samu mai sallama masa ba, daga baya kuma ya rasa hujjar ragewa.

Lokacin shekara ma yana da tasiri. A ƙasashe masu sanyi, mai jirgi a ƙarshen kaka yana fuskantar kuɗin ajiya da na shirya inji don hunturu, saboda haka ya fi saurin sallamawa. A farkon bazara kuwa masu nema sun fi kaya yawa. Wuri ma haka: jirgin alminiyon da ake rububinsa a bakin kogin Snake ba shi da masu nema sosai a gaɓar teku, inda igiyar ruwa ke dukan ƙasansa mai shafe. Sannan akwai bambanci tsakanin kuɗin da aka sa wa kaya da kuɗin da aka sallama shi. Tallan da ya yi watanni yana yawo bai nuna darajar jirgi ba. Ya nuna kuɗin da masu saye suka ƙi biya. Ma'auni na gari shi ne jirage da dama masu nau'i ɗaya da shekaru kusa da juna, a yanki ɗaya, waɗanda aka riga aka sayar, kuma dillalan jirage da masu aikin dubawa sun fi kowa sanin waɗannan alƙaluma.

Ƙarancin awoyi

Ƙafa ta biyu ta shawarar ita ce ta fi yaudara. Injin jirgi ba shi da mitar kilomita. Awoyin aiki ake ƙirga masa, kuma mai jirgin shaƙatawa yakan yi abin da bai wuce awa 50 zuwa 100 a shekara ba. Idan aka ga jirgi mai shekara goma sha biyar da awa 90 kacal, ma'anarsa ya shafe yawancin rayuwarsa a ajiye. Zama kuwa yana cin inji ta hanyarsa. Fetur mai haɗin itanol, wanda shi ne aka fi samu a gidajen man Amurka, yana jan danshi, ya rabu a cikin tanki, ya toshe hanyoyin mai. Robobi suna bushewa su tsage, tsatsa tana kama cikin silinda, wayoyi suna cin kansu, ɓeraye kuma su yi gida a ƙarƙashin kujeru.

Mafi muni shi ne sanyi. Ruwa yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare. Injin da aka bar masa ruwa a ciki ya kwana a daren ƙanƙara yana iya tsagewa, ko da awoyinsa ba su kai ɗari ba. Alamar tana fitowa a sandar duba baƙin mai: maimakon mai ya fito baƙi ko ruwan zuma, sai ya fito fari-fari mai kauri, shaidar ruwa ya gauraya da shi. Mitar awoyi ba ta nuna wannan. Ba ta kuma nuna ko awoyin a tabki aka yi su ko a ruwan gishiri ba tare da wanke hanyoyin sanyaya inji ba. Ita kanta mitar ana iya sauya ta; a sababbin injina, bakanike yana haɗa kwamfuta ya karanto awoyin gaskiya daga ƙwaƙwalwar inji, har da tarihin zafin da ya taɓa ɗauka. Jirgi mai awa 500 da rasit na juyen mai da na shirin hunturu na kowace shekara ya fi mai awa 90 da ba shi da takarda ko ɗaya. Gwajin matsin silinda ne ke raba gardama: a cire fulogai, a auna kowace silinda, kuma makanikai ba sa son bambancin da ya wuce kusan kashi 10 cikin 100 tsakanin mafi ƙarfi da mafi rauni.

Famfo

Cewa jirgin jet ba shi da abin lalacewa da yawa ya manta da irin wurin da ake kai shi. Saboda yana iya shiga ruwa marar zurfi, can ɗin ake kai shi, kuma famfonsa ba ya zaɓe: yashi da tsakuwa da ciyawa da igiyar jan masu wasan ruwa duk yana zuƙowa. A cikin famfon akwai farfelar ƙarfe da ke juyawa cikin wani zobe, kuma tazarar da ke tsakanin bakin farfelar da zoben ba ta kai milimita 1 ba idan komai lafiya. Da yashi ya cinye zoben ko tsakuwa ta lanƙwasa bakin farfelar, ruwa yana kuɓucewa ta gefe, famfo ya rasa matsi.

Duba wannan ba ya buƙatar kwance komai. A durƙusa a bayan jirgin yana kan tirelarsa, a ɗaga murfin ribas, a haska tocila cikin bututun feshi. Bakin farfela mai lafiya santsi ne, kuma hasken da ke ratsa gefenta siriri ne, daidai a kowane ɓangare. Idan bakin ya yi haƙora-haƙora, ko zoben ya yi kwari-kwari, ko tazarar ta buɗe a gefe ɗaya, to akwai kuɗin da ke jiran sabon mai jirgi. Daga nan a kwanta a leƙa ragar da ke ƙarƙashi ko ta karye, a duba sandar da ke haɗa inji da famfo, a ji ko boris yana wasa, a kuma duba inda sandar ta ratsa jikin jirgi, domin a nan ne ruwa ke shiga idan abin toshewar ya gaji. Yawancin jiragen Yamaha masu tsayi suna da injina biyu da famfo biyu, wato kowane abu sau biyu za a duba, kuma sau biyu za a gyara.

Gangar jiki, tirela da takardu

Inji ana iya sauya shi. Gangar jiki ita ce jirgin. A tsofaffin jiragen faiba, bangon baya da sandunan da ke riƙe da ƙasa da daɓen ciki duk katako ne aka lulluɓe. Ruwa yana shiga ta ramin kusa ko tsagewa, katakon ya ruɓe a ɓoye alhali fenti na walƙiya. Ana gane shi da ƙwanƙwasa ƙaramar guduma: wuri mai lafiya yana amsawa da kaifi, ruɓaɓɓe yana amsawa a dakushe. Daɓen da ke lotsawa a ƙarƙashin ƙafa ma shaida ne. Gyaran wannan yana buƙatar sauke inji da yanka jiki, kuma a tsohon jirgi kuɗinsa na iya wuce darajar jirgin gaba ɗaya. A na alminiyon kuwa, ana duba lotsewar ƙasa kusa da ƙofar shan ruwa, wadda ke hana famfo samun ruwa sosai, da tsagewar walda, da farin garin da ke nuna gishiri ya fara cin ƙarfe.

Tirelar da ake jan jirgin a kanta wani ɓangare ne na ciniki da sabon shiga kan manta. Lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya suna faɗin shekarunta: 2316 na nufin mako na 23 na shekarar 2016. Taya tana tsufa ko da zanenta bai goge ba, boris na ƙafafu yana shan ruwa duk lokacin da aka tura tirela cikin tabki, kuma tsatsa tana cin ƙarfen daga ciki.

Tun daga Nuwamba 1972, doka a Amurka ta wajabta wa kowane sabon jirgin shaƙatawa lambar shaida mai haruffa da lambobi 12, wadda ake bugawa a saman bangon baya ta gefen dama. Uku na farko suna nuna kamfani. A tsarin da ake bi tun 1984, huɗu na ƙarshe suna nuna lokaci: D405 na nufin Afrilu 2004, samfurin 2005. Dole lambar ta yi daidai da ta takardar mallaka, sunan da ke takardar ya zama na mai sayarwa, kuma a tabbatar babu bashin banki a kan jirgin. Jirgin da aka jinginar ko aka sato ba shi da farashin adalci ko nawa aka rage.

Gwaji a ruwa

Masu sayarwa da yawa sukan tayar da inji a tsakar gida da tiyon ruwa, ya yi ƙara mai daɗi, a ce an gwada. Wannan bai gwada famfo ba, domin babu ruwan da yake turawa, kuma bai ɗora wa inji nauyi ba. Wasu jiragen ma barinsu suna aiki a tudu na dogon lokaci yana ƙona abin toshe ruwan sandarsu. Biyan kuɗi bayan irin wannan gwaji cinikin biri a sama ne.

A ruwa ne ake ganin gaskiya. A fara da inji mai sanyi, ba wanda aka ɗumama kafin zuwan mai saye ba. Daga tsaye a danna totur gaba ɗaya: idan inji ya yi kururuwa, allurar juyi ta haura, amma jirgin ya yi nawa wajen tashi, famfo yana zamewa. A cikakken gudu a duba ko inji ya kai adadin juyin da kamfaninsa ya ƙayyade, a lura da allurar zafi, a gwada ribas. Bayan an dawo a buɗe ɗakin inji a ga ko ruwa ya taru. A wannan fitar ce kuma sabon shiga ke gano halin jirgin jet: ba ya jin sitiyari idan an saki totur, don feshin ne ke juya shi, kuma a ƙaramin gudu kusa da gaɓa yana yawo. Gara mutum ya san haka kafin ya biya.

Ƙwararrun masu duba jirage a Amurka suna da ƙungiyoyi biyu sanannu, SAMS da NAMS, kuma galibi da tsawon jirgi suke lissafin ladansu. Ladan ƙaramin abu ne idan aka gwada shi da kuɗin inji ɗaya, kuma rahotonsu a rubuce shi ne makamin ciniki. A ƙaramin jirgi mai araha, bakanike mai sanin famfon jet ya wadatar. Tsarin da aka saba shi ne a ba da kafin alƙalami bisa sharaɗin dubawa da gwaji, a rubuta cewa za a mayar da shi idan aka samu babban aibi. Mai sayarwar da ya ƙi wannan sharaɗi ya riga ya ba da amsa.

Yadda lissafin yake

Farashin adalci yana fitowa ne daga lissafi mai sauƙi: kuɗin da aka sallama irin jirgin lafiyayye a yankin, a cire abin da za a kashe kafin wannan jirgin ya kai matsayin lafiyayye. A ƙaddara, don misali kawai, lafiyayyun irinsa suna tafiya a dala 15,000. Ga ɗaya an sa masa dala 14,500, da awa 400, da rasitai cikakku, ya kuma ci gwaji. Ga wani an sa masa dala 12,500, da awa 110, babu takardar gyara, amma dubawa ta nuna zai ci dala 4,000 a famfo da hanyoyin mai da tayoyin tirela. Bisa shawarar marubucin, na biyu ne abin saye, don ya fi araha kuma awoyinsa kaɗan. Bisa lissafi, na biyun zai tsaya wa mai saye a dala 16,500, darajarsa ta gaskiya kuwa ba ta wuce 11,000 ba. Kayan ƙawa, irin su rediyo da fitilu da sabon fenti, ba sa shiga lissafin da nauyi. A gefe kuma a ware kuɗin inshora da rajista da ajiya da mai da shirin hunturu, waɗanda ke dawowa kowace shekara ko jirgi ya fita ko bai fita ba.

Wannan lissafin ne ke rushe ƙafa ta huɗu. Tsohon jirgin shekarun 1970 mai babban inji ya dace da wanda ya iya kwance inji da kansa, yana da wurin aiki da haƙurin neman kaya. Sabon shiga da ya saye shi don araha zai ƙare lokacin shiga ruwa a gareji, yana biyan kuɗin aikin hannu a kan jirgin da ba zai iya sayarwa a kuɗin da ya kashe ba. Wanda ya dace da shi shi ne ƙaramin jirgi na nau'in da aka sayar da yawa, mai kayan gyara a kusa da bakanike da ya san shi, ko da kuɗinsa na farko ya ɗan ɗara.

Saboda haka shawarar marubucin ba ta isa a gina ciniki a kanta ba. Littafin farashi ya dace a fara da shi don sanin inda kasuwa ta dosa, mitar awoyi kuma tambaya ce da rasitai za su amsa. Kuɗin da ya kamata a biya ba ya bayyana sai an karanta lambar jirgi, an auna silinda, an haska famfo, an ƙwanƙwasa bangon baya, an kuma fita ruwa da shi. Duk jirgin da mai shi ya hana a yi masa waɗannan, mai saye ya bar masa kayansa ya nemi wani.